Wa Zai Sauko da Inna?

A layin masu gyara, in ka ce Ƙofa Biyu ba wanda zai tambaye ka wa kake nufi. Mai gyaran firiji ne, shagonsa na tsakanin na mai walda da na mai ɗinkin kujerun mota. Abokan sana'a ne suka laƙaba masa sunan tun yana saurayi, wai faɗinsa ya kai na firijin nan mai ƙofa biyu da ake ajiyewa a otal. Bai taɓa jin haushi ba. In an tsokane shi sai ya daki ƙirji ya ce, "To, ai mai ƙofa biyu ya fi ɗaukar kaya."

Kuma gaskiyarsa ne, ɗaukar kaya kam ya iya. Yana da wata igiya mai faɗin tafin hannu, irin wadda ake ɗaure kaya da ita a bayan mota. Sai ya zagaya ta a jikin firiji, ya juya masa baya, ya durƙusa, ya jawo bakin igiyar ta kan kafaɗunsa, ya miƙe a hankali. Firiji ba ya son kwanciya, in aka kwantar da shi man injin kan bi bututu ya toshe, don haka a tsaye yake hawa bene da shi komai ƙuncin matakala. Masu gida su yi ta salati a bayansa, shi kuwa ko nishi ba ya yi.

Amma kayan da ya fi ji da shi ba a shago yake ba. Inna ce, mahaifiyarsa.

Suna zaune a hawa na ƙarshe na wani tsohon bene da ba a hawansa sai da ƙafa. Tun da ƙafafun Inna suka daina ɗaukarta, kowace safiya shi yake goya ta da wannan igiyar, ya sauko da ita, ya zaunar da ita a kujerar roba a bakin ƙofar gidan, inda rana ke fara sauka. A nan take wuni. Ta tsawata wa masu babur, ta gyara wa matan unguwa riƙon jarirai da baki, ta san wanda ya yi sabon takalmi da wadda ta kwana tana kuka. Da yamma ya dawo daga shago ya mayar da ita sama. Wannan kujerar ita ce duniyar Inna gaba ɗaya.

Yana da ƙani, Auta, wanda suke shagon tare. Ƙarfi kam Auta na da shi, sai dai gaggawa ta yi masa yawa. Sau ɗaya ya taɓa ɗaukar Inna, da suka zo kwanar matakala, inda ta fi ƙunci, ya buga mata gwiwa da ƙarfen dafawa. Tun daga ranar ta yanke hukunci.

"Wannan ɗaukar buhu yake yi mini," in ji ta. "Babba kaɗai ya san mutum ya ɗauka."

Babba take kiran Ƙofa Biyu, kuma in ta faɗi haka a gaban mutane har wani buɗawa yake yi.

Ƙibar da ta ba shi suna ita ta so ta kai shi ƙasa. Ciwon suga ya shigo, hawan jini ya biyo baya, numfashi ya fara yi masa wuya. Likitoci suka daɗe suna kawo masa zancen tiyatar rage ƙiba, yana yi musu kunnen uwar shegu. Sai wata safiya, Inna na bayansa, a tsakiyar matakala ya ga duhu ya rufe masa ido. Ya jingina da bango har abin ya wuce. Bai gaya wa kowa ba, amma a makon ya je asibiti ya ce ya yarda. Ba don ya yi kyau a riga ya yarda ba. Tsoro ya ji, kada wata rana ya zube da ita.

Aka yi aiki lafiya, aka rage masa tumbi, aka sauya wa abinci hanya a cikin hanji. Sai dai an hana shi ɗaukar nauyi har sai ciki ya warke, kuma a wannan zaman ne ya ga abin da bai taɓa mantawa ba. Inna ta ƙi Auta, ta ƙi kowa, ta zauna a sama. Da farko tana zama bakin taga. Daga baya ta daina. Ta juya wa ɗaki baya ta fuskanci bango, abinci sai an yi da gaske take taɓawa, masifar ma da aka san ta da ita ta ɗauke. Yana kwance a falo yana jin shirun ɗakinta, hankalinsa a tashe. Ranar da likita ya sake shi, kafin ya cire takalmi ya ɗauko igiya. Suna isa ƙasa ta zagi wani mai babur, ya ji wani sanyi a ransa.

Jiki ya yi ta zubewa. Mai walda ya ce ƙofa ɗaya ta ɓalle, a zo ya liƙa ta. Mai kujeru ya ce yanzu ya koma ɗan firijin ɗakin gwauro, wanda ba ya cin komai sai gorar ruwa. Suga ya sauka, jini ya daidaita, yana hawa bene yana hira. Auta kuma, don ƙauna, ya kafa masa doka a shago.

"Yaya, kai da ɗaukar firiji har abada. An yanka ka fa. Ka zauna kan benci, mu za mu yi."

Haka aka mayar da shi can ƙuryar shago, ƙarƙashin ƙwan lantarki, tsakanin tukwanen gas da tsofaffin injina. Daga safe har yamma yana zaune yana liƙin bututu, rana ba ta ganinsa shi ma ba ya ganinta. Nauyi ɗaya ya rage masa a duniya, Inna, ita ma ba ta fi tsintsiya biyu ba.

Daga asibiti an sallamo shi da magunguna, an kuma ja masa kunne cewa waɗannan ba na warkewa ba ne, na har abada ne. A ciki akwai wasu manyan ƙwayoyi da ake taunawa, masu ɗanɗanon lemo, da hoton ƙashi a jikin kwalbar. Kalsiyam ne da bitamin D. Da farko yana taunawa yadda aka ce. Sai wata safiya ya shiga ɗaukar Inna da kwalbar a aljihu, ya tarar tana matsa ƙugunta tana yamutsa fuska.

"Ƙasusuwan nan sun ishe ni," ta ce. Idonta ya kai kan kwalbar. "Wancan kuma na mene ne, da hoton ƙashi?"

"Na ƙarfin ƙashi ne, Inna."

"Kai da ƙashinka kamar turmi? Miƙo in ji."

Ya ba ta ɗaya. Ta tauna, ta lumshe ido, ta ce ashe har alewa ake ba su a asibiti. Washegari ta tambaya. Jibi ma ta tambaya, har da cewa ƙugun ya yi sauƙi.

To, a nan ne sana'a ta cuce shi. A wurin mai gyara, abin da aka gyara yana sanyi ba a sake buɗe masa baya. Ya duba kansa ya ga an gyara shi, yana aiki sumul. Ya duba tsohuwa ya ga ita ce mai lalataccen ƙashi. Wane ɗa ne zai zauna yana tauna maganin ƙashi uwarsa na kukan ƙugu? Sai ya mayar da kwalbar ƙarƙashin matashinta, safe ɗaya yamma ɗaya. In ta kusa ƙarewa ya fito da ita ya ajiye kan tebur. Matarsa, wadda ke sayo magungunan, ta ga kwalba na ƙarewa a kan lokaci, har yabonsa take yi wurin 'yan'uwanta, wai ba ta taɓa ganin namiji mai kula da magani irin Maigida ba. Komawa asibiti a duba shi ma ya daina. Abin haushin shi ne duk wanda ke cikin lamarin nan alheri yake nufi.

Aka ɗauki lokaci a haka, ya fi shekara biyu.

Wando ne ya fara magana. Ya lura ƙafar wandonsa na sharar ƙasa, ya ce tumbin da ke riƙe shi ne babu. Sai makullin shago, wanda tun yana saurayi yake ratayewa a wata ƙusa can saman ƙofa. Wata rana ya miƙa hannu ya ji sai ya yi ɗage kafin ya kai. Ya tsaya yana kallon ƙusar. Ƙusa dai ba ta hawa bango da kanta. Amma ya ce wa ransa takalmi ne ya cinye. Bayan nan wani ciwo ya sauka a tsakiyar bayansa, ba mai tsanani ba, mai naci. In ya daɗe a benci sai ya dafa kafin ya miƙe. Ya yi ta maza, ya yi shiru.

Ran nan da safe ya goyo Inna kamar kullum. Suna kaiwa kwanar nan mai ƙunci, ya ɗan karkata don gwiwarta ta wuce ƙarfe, sai ya ji wani abu ya ce ƙas a cikin bayansa. Zafi ya tsarga masa har ƙirji. Ya cafki ƙarfen da hannu biyu, gumi ya keto masa. Ya leƙa ƙasa ya ga sauran matakalar a miƙe, siminti tsagwaronsa, ga numfashin Inna a wuyansa.

"Me ya tsayar da kai?" ta tambaya.

"Takalmi ne, Inna. Ya so ya zame."

"Sai ka sayi na kirki, kai ma."

Yadda ya ƙarasa da ita ƙasa, Allah kaɗai ya sani. Da yamma ya cije leɓe ya mayar da ita sama. Da ya zauna bakin gado, sai hannu ya ƙi kaiwa ga takalmi. Matarsa ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonsa yana kokawa da iska.

"Maigida, tun yaushe?"

"Ba komai, ɗan sanyi ne."

"Ban tambaye ka ko mene ne ba. Na ce tun yaushe."

Washegari Inna ta wuni a sama, an ce mata aikin gaggawa ya taso. Su kuwa suna asibiti. Aka ɗebi jini, aka auna tsawonsa, aka kwantar da shi a kan wani gado wata na'ura ta bi ta kansa a hankali tana ɗaukar hoton ƙashi. Yana kwance yana kallon silin, ba ciwon ke ransa ba. Tunaninsa ko Inna ta ci abinci.

Likitar mace ce mai sanyin murya. Ta juyo musu da allon kwamfuta.

"Malam, ƙasusuwanka sun yi laushi fiye da na mai shekarunka. Wannan kuma," ta nuna wani guri, "ɗaya daga cikin ƙasusuwan bayanka ne, ya ɗan lotse. Shi ka ji. Tsawonka ma ya ragu."

"Likita, ni fa na ɗauka wannan ciwon tsofaffin mata ne."

"Haka maza da yawa ke cewa, har sai sun karye. Ka ga, wurin da aka kauce masa a hanjinka, nan ne jiki ya fi tsotsar kalsiyam. In bai samu daga abinci ba, sai ya riƙa ɗiba daga ƙashi. Kuma ƙashi da nauyi yake ƙarfi. Da kana ɗauke da jikinka, kana ɗaukar kaya. Yanzu ka sauke duka biyun lokaci guda, ka zauna a inuwa. Ba ya ciwo, ba ya nuna alama, sai ranar da ya ba da kai."

Ƙofa Biyu ya gane, kuma ganewar ce ta sanyaya masa jiki. Ya sha gaya wa masu firiji haka. Gas na tsiyaya ta ƙofar da ba ta kai bakin allura ba, fitila na kamawa, inji na kuka, mai gida na ganin lafiya lau, alhali ciki ya daɗe da ƙarewa.

"Amma likita," matarsa ta ce, "maganin ƙashin nan ko sau ɗaya bai taɓa tsallakewa ba. Ni nake sayowa da hannuna."

Likitar ta dube shi. Ya sunkuyar da kai yana murza hularsa.

"Inna ke sha," ya ce. "Ƙugunta na ciwo."

Matarsa ta juyo ta dube shi. Ya yi zaton za ta wanke shi tas a gaban likita, kuma da hakan ya fi masa sauƙi. Sai kawai ta juya fuska ta goge ido da gefen mayafi.

Likitar ba ta yi faɗa ba. Ta ce a kawo tsohuwar ita ma a duba ta, a ba ta nata daidai jikinta. Shi kuma ya koma kan ƙwayoyinsa, a rarrabe cikin wuni, kada ya haɗa su da na ƙarin jini. Ya riƙa cin ƙwai da kifi da madara, ya fito da bencinsa inda rana ke taɓawa. In bayan ya lafa za a haɗa shi da mai koyar da motsa jiki, ya fara da tafiya da hawa bene hannu sake, daga baya ƙananan ƙarafa. Ya yi ta gyaɗa kai, yana jiran ta zo inda yake tsoro. Da ta ƙi zuwa, ya kai ta da kansa.

"Ina goya mahaifiyata, in sauko da ita daga bene. Ba ta da nauyi ko kaɗan."

"A'a," in ji likitar.

"Zuwa yaushe?"

"Ba zan yi maka alkawarin da ban da tabbas a kansa ba. Ƙashi na farfaɗowa, amma a hankali, kuma ba lallai ya koma yadda yake ba. In wani ya sake lotsewa kana tsakiyar matakala, ba kai kaɗai za ka faɗi ba."

Suka kama hanyar gida. Abu biyu ke juya masa a kai, Inna ta fuskanci bango, da simintin nan da ya leƙa. In ya ture wannan sai wancan ya taso. Suna hawa bene matarsa ta ce, "Ko ka gaya mata, ko in gaya mata." Ya ce ta ba shi lokaci. Da ya leƙa ɗakin Inna ya ga kwanon abincinta a rufe yadda aka kawo shi, sai ya yanke shawara shi kaɗai. Zai ɗaure bayan da kyau, ya bi a hankali, ya huta a kowace kwana. Likita ba ta san Inna ba.

Da gari ya waye ya ɗauki igiya ya shiga. Ya tarar an riga an yi mata wanka, an ɗaura mata ɗankwali, tana zaune bakin gado da kwalbar a cinyarta. Ya gaishe ta, ta amsa a taƙaice. Ya juya mata baya, ya durƙusa, zafi ya soke shi, ya haɗiye.

Hannuwanta ba su zagayo wuyansa ba. Sai ya ji tafinta a bayansa, ta cikin riga. Ta fara daga wuya, tana bin ƙashin bayan da yatsu ɗaya bayan ɗaya, kamar mai laluben abin da ya ɓace. Da ta zo wurin, jikinsa ya zabura da kansa. Hannun ya tsaya a nan.

"Takalmi ne ko?" ta ce.



"Matarka ta fi ka hankali. Ashe duk wannan lokacin ƙashin ɗana nake taunawa, ina cewa alewa."

"Inna, ba haka ba ne. Ni na ba ki."

"Rufe mini baki. Juyo."

Ya juyo. Idanunta sun yi ja, amma fuskar a murtuke take. Ta buɗe kwalbar da ƙyar, ta zaro ƙwaya ɗaya, ta miƙo masa daidai baki. Mutum mai furfura a gemu ya buɗe baki kamar ɗan yaye.

"Tauna a gabana. Kullum nan za ka zo ka karɓa, tunda ba a yarda da kai." Ta jira har ya haɗiye. Sannan ta ja numfashi, ta dubi ƙofa. "Kira mini wancan mai gaggawar."

Auta na falo tun ɗazu, matar Yaya ta kira shi. Ya shigo yana sosa ƙeya. Ƙofa Biyu ya daɗe riƙe da igiyar, wadda gumin kafaɗarsa ya mayar baƙa, kafin ya miƙa. Shi ya zagaya ta a jikin Inna, shi ya gyara wa Auta tsayuwa.

"Bayanka a miƙe. Gwiwa ke ɗagawa, ba ƙugu ba. Kada ka kwantar da ita gaba, a tsaye take so. In kun zo kwana ka tsaya cak, sannan ka juya."

"Na ji, Yaya."

"Ba ka ji ba. Ka tsaya cak."

Auta ya miƙe da ita kamar ba komai. Inna ta runtse ido, ta damƙi wuyan rigarsa, leɓunanta na motsi. Suka fara sauka. Ƙofa Biyu na biye da su, bai san inda zai sa hannuwansa ba. Ya sa su a aljihu, ya fitar. Kowane taku na Auta a ƙirjinsa yake sauka.

Da suka zo kwanar, Auta ya tsaya kamar yadda aka ce, amma ya juya da wuri. Ƙofa Biyu ya ga gwiwar Inna ta nufi ƙarfe. Ya zura hannu tsakani. Ƙarfen ya daki bayan hannunsa ya ɗaye fata, gwiwar ta wuce lafiya.

"Mun wuce?" Inna ta tambaya, idonta a rufe.

"Mun wuce, Inna," in ji Auta, har da fara'a.

"To, ba laifi. Ka fara koyo."

A ƙasa aka zaunar da ita a kujerarta, rana na dukan ƙafafunta. Ta buɗe ido, ta gyara ɗankwali, ta sa aka jawo wata kujerar kusa da tata.

"Babba, zauna nan. An ce rana ma magani ce."

Ya zauna a hankali, yana dafa bango. Wani mai babur ya wuce a guje, Inna ta bi shi da baki har ya sha kwana. Ƙofa Biyu ya saurari muryar, ya tura hannun da ke jini ƙarƙashin riga don kada ta gani. Da yamma akwai hawa, kuma kwanar na nan.